Ƙafa Goma Sha Biyu

Ranar da a-kori-kura ta sauke injin tsaga katako a ƙofar gidansu a Sara, Tani ba ta fi sati biyu da fara tafiya ba. Zahara'u na tsaye a bakin ƙofar ciki da yarinyar a goye, tana kallon ƙarti shida suna nishi suna jan ƙarfen nan zuwa cikin zaure. Zarton injin ya fi murfin babbar tukunyarta faɗi, haƙoransa duk a waje.

Injin na Maikano ne, yayan mijinta. Riɗi ya yi masa kyau shekara biyu a jere, sai ya tafi Kano ya sayo shi har da lista, injin man da zai riƙa juya shi, don ƙaninsa Yahuza ya huta da ɗora katako a babur zuwa Birnin Kudu neman mai tsagawa. Shekara tara Yahuza yana kafinta a gindin darbejiyar ƙofar gida da zarton hannu. Yanzu an ce zaure zai koma shago. Zahara'u ba ta ƙi ba, ita ma tana son ta ga mijinta ya ɗaga. Abin da ya tsaya mata a rai ɗaya ne: gidan ba shi da wata hanyar shiga ko fita sai ta zauren nan, kuma Tani ta riga ta gano cewa duk abin sha'awa a duniya ta wannan ƙofar yake.

Maikano ya zagaya zauren sau biyu, ya taka wani wuri dab da ƙofar ciki, ya ce nan za a dasa injin, don nan ne tudu, ruwan damina ba ya kwanciya. Ya ce Ɗanbala magini zai zo ranar Asabar ya zuba kankare ya binne notuna. In ya bushe kuwa, shi ke nan, injin ya zauna ke nan.

Da Zahara'u ta kawo wa Yahuza abincin rana ta yi masa maganar. Ta ce in aka dasa shi a nan, Tani taku uku za ta yi daga tsakar gida ta taɓa bel ɗin da ke juya zarton. Ya ci gaba da cin abincinsa, ya ce ya sani, amma Yaya ya riga ya faɗa, kuma ta san Yaya ba ya jin magana da kunne, sai ya gani da ido. Ta ɗauki tef ɗin awonsa ta auna zauren da kanta, tsawo ƙafa goma sha takwas, faɗi goma sha uku, ta auna injin da listar, ta yago takarda daga tsohon littafinta na sakandare ta zana yadda take so. Maikano ya karɓa da yatsu biyu, ya juya ta sama da ƙasa.

"Wannan fa, amarya? Gonar wa aka raba?"

Ya miƙa mata abinta yana dariya, ya ce ta ajiye wa Tani ta yi wasa.

Ranar Alhamis ce ranar awon yara, kuma a Birnin Kudu take kai Tani. Da suka fito daga asibiti ba ta nufi tasha ba, sai ta ratsa shagon Prisca. Prisca 'yar kudancin Kaduna ce, ta shekara goma sha ɗaya a garin tana buga takardu da katin biki, kuma masu gina shaguna kan zo ta fitar musu da zane a kwamfuta. A wurinta Zahara'u ta koyi taɓa kwamfuta wata uku kafin aurenta. Prisca ta karɓi Tani ta ɗora a cinya, ta ba ta biskit, ta saurari bayanin har ƙarshe, sannan ta ce manhajar zane iri biyu gare ta, sai Zahara'u ta zaɓa.

Ta buɗe ta farko. Farin fili ne da baƙaƙen layuka, kamar mutum ya hau rufi yana leƙen ɗaki. Prisca ta ce a wannan babu abin da yake zuwa a shirye, komai da hannu ake zana shi a sa masa awonsa, har inda ƙofa take buɗewa, da inda mai aiki zai tsaya, da abin da zai riƙe. Ta ce in wannan ce, tambayoyi gare ta da yawa, wasu ma sai maigidan ne zai amsa, kuma da aikin da ke gabanta ba za ta gama ba sai Litinin.

Ta buɗe ta biyu. Ta rubuta goma sha takwas da goma sha uku, nan take ɗaki ya miƙe a fuskar kwamfutar da bangonsa da daɓensa, har da inuwa. A gefe ga kaya nan jere, tebura, kujeru, injina kala-kala, sai dai ka ja ka ajiye. Ta juya ɗakin, Zahara'u ta ga kamar a bakin ƙofa take tsaye. Prisca ta ce wannan awa ɗaya ta isa.

"Amma Maman Tani, da ni ce, ta farkon zan ɗauka. Mummuna ce, amma ba ta barin mutum ya tsallake abu. Wannan kuwa duk abin da kika ajiye mata, murmushi za ta yi miki."

"Anti, Asabar za a zuba kankare."

"Su ɗaga mana. Kankaren guduwa zai yi?"

"Ba ki san Yaya ba ne."

Zahara'u ta sake kallon baƙaƙen layukan. Da su da takardar da Maikano ya riƙe da yatsu biyu, ba ta ga wani bambanci ba sai na miƙewar layi. In ta kai masa wannan, gona zai sake kira. Ta nuna mai launin ta ce ita take so.

Sun yi aikin cikin nishaɗi. Suka jawo injin daga kusa da ƙofar ciki, suka kai shi jikin bangon kudu, daidai tsakiyar zauren, gabansa na kallon titi, bayansa na kallon bangon tsakar gida. Listar suka sa kusa da ƙofar waje don hayaƙi ya fita. A jikin bangon arewa suka ware hanya mai faɗin ƙafa uku tun daga ƙofar ciki har titi, suka kare ta da bangon katako. Zahara'u ta ce a sa hoton yarinya a hanyar don Yaya ya gane ta wace ce. Prisca ta duba ta duba, ba ta samu kowa a manhajar ba sai wani Bature mai laƙataye, ta rage masa tsawo har ya koma kamar ɗan shekara biyu. Suka yi dariya har Tani ta taya su. Da aka buga takardar, Prisca ta manne ta cikin leda, ta miƙa mata da hannu biyu tana kiranta injiniya.

Maikano sai da ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallo, ya tambaya ko da gaske kwamfuta ce ta fitar. Da yamma ya kai ta majalisa, ta bi hannu-hannu. Ranar Asabar Ɗanbala ya jingine ta a taga yana aiki yana dubawa, bai kauce ko taƙi ɗaya ba. Ya zuba kankare guda dogo wanda ya ɗauki injin da listar tare, don bel ya tafi a miƙe. A kwanakin da ake jiran ya bushe, Yahuza ya kafa bangon katakon, ya sa masa 'yar ƙofa da sakata can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Zahara'u ta saki Tani a hanyar, yarinyar ta tafi tana dafa katako har bakin titi ta dawo. A makon nan ko tuwo ta tuƙa sai ta ji ya fi daɗi.

Aikin farko wani mutumin Basirka ne ya kawo, falankan maɗaci na ƙofofi. Aka tayar da lista, unguwa ta taru. Yahuza ya tsaya a titi da falanki a hannu, ya ɗora bakinsa a injin, ya fara turawa. Zarto ya shiga katako kamar wuƙa a kabewa. Yana tafiya yana tafiya, sai aka ji dum. Bakin falankin ya daki bangon tsakar gida, saura ƙafa uku a hannun Yahuza ba a tsaga ba.

Katako dai daga kasuwa ƙafa goma sha biyu yake zuwa, kowa a wurin ya san haka. Daga zarton zuwa bango kuwa ƙafa tara ne. Yahuza ya shekara tara yana kai tsaga Birnin Kudu, amma injinan can a rumfa suke, babu bango ko ta ina, bai taɓa tsayawa ya lura da inda katako ke zuwa bayan ya wuce zarto ba. Maikano manomi ne. Ɗanbala takarda ya bi. A takardar kuwa injin na zaune tsaf da fili gaba da baya, don babu wanda ya ɗora masa katako.

Kwana biyu Yahuza yana dabara. In ya tsaga ya kai bango sai ya kashe injin, ya zaro falankin, ya juyo ɗaya bakin. Tsagar ba ta haɗuwa daidai, mutumin Basirka ya ƙi karɓar guda huɗu. Sau ɗaya ma katakon ya yi tsalle ya dawo, ya wuce ta gefen haƙarƙarinsa. Aka kira Ɗanbala, ya ce in za a matsar da injin sai an farfasa kankaren gaba ɗaya har na listar, a cire bangon katako, a sake zubawa, a sake jira. Ga shi Maikano ya riga ya karɓo aikin bencinan wata makarantar Islamiyya. Ya kalli bangon tsakar gida, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce ai na ƙasa ne.

Da safe Zahara'u na wanke-wanke ta ga bakin diga ya ɓullo ta bango. Kafin hantsi an huda rami mai faɗin kamu uku, daidai ƙugun babban mutum. Ya fito ne a lungun da ke tsakanin randa da ƙofar ɗakin girkinta, wurin da inuwa ke fara sauka, wurin da take shimfiɗa wa Tani tabarma. Tun daga ranar, duk falankin da aka tsaga sai ya leƙo tsakar gida ƙafa uku, ya tsaya yana rawa a sama, in an gama Yahuza ya ja shi ciki, in ya kuɓuce masa ya sulalo waje. Garin katako kuwa har cikin randa.

Ta sa mayafi ta sami Maikano a gindin darbejiya, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Yaya, alfarma na zo nema. A matsar da injin nan ƙafa huɗu wajen titi."

"Wa ya ce a sa shi inda yake?"

Ta gyara mayafinta tana kallon ƙasa.

"Tambayarki nake, amarya. Ni na nuna wuri, kika ce bai yi ba. Kika tafi har Birnin Kudu kika kawo takarda. Na bi takardarki ko ban bi ba?"

"Ka bi, Yaya. Kuskure na yi. Amma yarinyar nan..."

"Yarinya ai ta uwarta ce. Ki riƙe abarki. Mu da muka tashi ana sussuka a tsakar gida, wa tabarya ta kashe?"

Ta so ta ce wurin da ya nuna ya fi wannan muni, can ma katakon ta ƙofar ciki zai fito, amma ba a faɗa wa yayan miji haka. Ta waiwaya wajen Yahuza, yana nan a bakin zaure yana goge zarton da ba shi da datti.

Ta kira Prisca ta gaya mata. Prisca ta ce ta ba ta minti goma. Sai ga hoto ya shigo waya, na mummunar manhajar nan, baƙaƙen layuka, da wani dogon layi ja da ya taso daga titi ya bi ta kan injin ya huda bango ya fita. A ƙasa ta sake zana wani, injin ya matso wajen titi, jan layin ya tsaya cikin zaure da sauran ƙafa ɗaya. Ta rubuto cewa laifinta ne ita ma, da ba ta tambayi tsawon katako ba tun ranar. Zahara'u ta ba Yahuza wayar ya kai wa yayansa. Ya dawo ya ce Yaya ya ce wannan zanen yara ne, na kwamfuta na gaske ga shi can. Takardar mai launi Maikano ya sa an buga mata ƙusa a jikin bangon katako, duk wanda ya kawo aiki sai ya nuna masa.

Zahara'u ta koma goya Tani daga tayar da lista har kashe ta. Yarinyar da ta ɗanɗana tafiya ba ta yarda da goyo, tana banƙarewa tana dukan bayanta, ga zafi, har ƙuraje suka feso mata a ƙirji. Zahara'u ta kewaye lungun da tsohon zana, katako ya ture shi a rana ta biyu. Ta gwada kulle Tani a ɗaki, kukan ya fi ƙarar injin. Ta roƙi Yahuza ya riƙa yin magana ta ramin kafin ya turo katako, ya yi kwana uku yana yi, amma in lista na ruri shi kansa ba ya jin muryarsa. Ga tari ya kama yarinyar, busasshe, irin na garin katako.

Wata Laraba miya ta taso za ta zube, ta kwance Tani ta dire ta a bakin ƙofar ɗakin girki, ta juya ta sauke tukunya. Ba ta fi ƙiftawar ido ba. Ta ji ƙara a bayanta, ta juyo, ta ga rabin falankin maɗaci a ƙasa, ya lotsa ɗan kwanon silbar da Tani ke wasa da shi ya koma kamar faifai. Tani na tsugune a gefe, hannunta a miƙe wajen kwanon, tana kallon katakon da mamaki. Ko kuka ba ta yi ba. Zahara'u ta ɗauke ta, ta duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya, hannu da ƙafa, ta sake dubawa. Ta cikin ramin ta ga idon Yahuza yana tambaya ko katakon ya tsage.

Ta ɗauki kwanon ta ajiye masa a kan tabarmarsa tare da abincin rana. Ya daɗe yana juya shi. Ya ce zai sake yi wa Yaya magana in an gama bencina. Ta tambaye shi bayan bencina me aka karɓo, ya ce gadaje shida da ƙofofin wani masallaci. Ta ce to ita gobe za ta kai Tani Zandam wurin Inna, yaye. Ya ɗago kai ya ce watanta goma sha biyar fa. Ta ce ta fi shi sani, ita ta haife ta. Bai ce a'a ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Inna Turai na tankaɗe suka yi sallama. Da ta ga ƙullin kayan yarinya da buhun garin kunu, ta ajiye rariya ta kalli cikin 'yarta kafin ta kalli fuskarta.

"Ciki gare ki?"

"Babu komai, Inna."

"To wace irin uwa ce ke yaye a wata goma sha biyar babu ciki? Kin san abin da garin nan zai ce? Za a ce kin kasa haƙuri ne."

"Su faɗa. Na fi son su faɗa tana da yatsunta goma."

Ta ba ta labarin tun daga farko. Inna ba ta gane zancen manhaja ba, ta dai gane an huda bango kuma maza sun ƙi gyarawa. Ta ce Yahuza tun yana neman aure ta ga ba shi da ƙashin musu. Ta ce a bar mata yarinyar, ga akuya na shayarwa, ga gero, ba za ta rame ba. Sannan ta ce in za ta tafi ta tafi yanzu, kada ta tsaya sallama, sallama ce ke lalata yaye.

Zahara'u ta shiga ɗaki ta ba Tani nono na ƙarshe, ta bar ta ta sha har ta saki da kanta. Inna ta ɗauke ta ta zagaya da ita bayan gida wurin 'yan awaki. Zahara'u ta tsaya a soro tana jin muryar yarinyar tana kiran akuya da sunan da take kiran kowace dabba, sannan ta fita da sauri ta tare babur. A hanya sau biyu tana kai hannu baya ta gyara goyo.

La'asar ta yi kafin ta iso Sara. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri, rigarta ta jiƙe ta ciki, ta ja mayafi ta rufe. Lista na ruri, mutane uku na zaune a benci suna jiran aikinsu. Ta shiga tsakar gida, ta tarar garin katako ya rufe tabarma da murfin randa. Ta ɗauki tsintsiya ke nan sai ƙarar injin ta ragu, fuskar Yahuza ta bayyana a ramin, gira da gemu duk fari.

Ya tambaye ta ko sun isa lafiya, ta ce lafiya. Ya tambayi Inna, ta ce tana gaishe shi. Ya share fuska da bayan hannu.

"Tunda bayanki babu kowa yanzu, ko za ki riƙa tare min bakin katakon ta nan? Faɗuwar da yake yi tana fasa shi."

Ta jingine tsintsiyar. Injin ya sake ɗaukar ƙara, bakin falanki ya leƙo yana rawa, ta sa hannu biyu ta tallabe shi. Da ɗumi ya fito, kuma ya fi yadda ta zata nauyi.